Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Digiri

Na ga ka taɓe baki. Kada ka musa, daga nan nake hango ka. An ce za a yi zancen mutunta juna da damawa da kowa a jami'a, ka gyara zama kana jiran a kai ka ɗakin taro mai sanyi inda ake raba jaka da biro da ruwan gora, sai ga mutumin ya tare maka motar Kura da Bunkure. Ka ce, "Wai Malam, yaushe aka buɗe jami'a a Kura ba a gayyace mu ba? Ko Jami'ar Tumatir ce, mai babban ofis a Kwanar Gafan?"

Yi dariyarka ka gama, ina da lokaci. In ka share hawaye, ka amsa mini: tashar binciken noman rani da ke Kadawa ta wace ce? Ka yi shiru. Ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ce ta Samaru, ita kuwa Samaru a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello take, wadda aka kafa tun 1962. Wato Zagezagi sun lallaɓo cikin ƙasar Kano sun kafa gona shekara da shekaru, muna ji muna gani, ko kuɗin laushi ba mu karɓa ba. In wannan ba haƙuri da baƙo ba ne, ka faɗa mini sunansa. Matsa gaba kaɗan, ga Makarantar Horon Lauyoyi a Bagauda, inda 'ya'yan kowace kusurwa ta Najeriya ke yawo da baƙi da fari kamar hankaki, suna shaƙar iskar albasa. Ga Jami'ar Bayero da cibiyarta ta noma a yankuna masu ƙarancin ruwa, ga ta Wudil da aka buɗe a 2001 wadda yanzu ke amsa sunan Aliko Ɗangote. Duk rani motocinsu na kan hanyar Zariya, maƙare da ɗalibai masu hular rana da takardar tambayoyi. Kura ba ta da jami'a, na yarda. Jami'o'i ne ke da Kura.

Ka ce, "To, ai alheri ne, ilimi ya je ƙauye." Ranka ya daɗe, dubi hanyar da kyau, ka ga wajen da kayan suka nufa. Ɗalibi ya sauko daga mota, ya tarar da dattijo tsakiyar ban-ruwa, ya tsayar da shi a rana: buhu nawa ka samu bara, 'ya'yanka nawa, kana cin bashi, wane taki kake sawa? Dattijo ya amsa duka, har ya cika masa leda da tumatir. Ɗalibi ya koma ya rubuta kundi, ya gode wa Allah, ya gode wa farfesa, ya gode wa iyaye, ya gode wa wata "ta musamman" da bai faɗi sunanta ba. Dattijo kuwa ya zama "mai amsa tambaya na 47". Badi wani ya zo da tambayoyin nan dai, ko waƙafi bai canja ba. Abin da aka gano a binciken kuwa yana can a kanta yana shan ƙura, bai taɓa ganin Kura ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar digiri. Jami'ar da ba ta iya komawa ta ce wa wannan dattijo "Baba, ga abin da muka gano, mun gode" ba, ita ce za ta koya wa 'ya'yan mutane girmama juna?

Bari in tona asirin kaina kafin ka tona. A wata jami'a da ba zan kama sunanta ba, don har yanzu ina da 'yan'uwa masu neman gurbi, muna da wani ɗan aji mutumin yankin nan. Ba ma kiran sunansa, "Ɗan Kura" muke cewa, muna jan wasalin yadda za a ji kamar dabbar dawa ake nufi. Turancinsa yakan fito a ɗingishe. Ranar da ya tashi yin tambaya a aji, harafin farko ya maƙale masa, aji ya ɗauka da shewa, malamin ma ya juya wa allo fuska kafaɗunsa na rawa. Daga ranar bai sake ɗaga hannu ba. Shekara uku. Ni ne mai kwaikwayon muryarsa a ɗakin kwana, kuma wallahi na iya, har kuɗin shayi ake biya mini.

Sai muka shiga aji huɗu, shekarar da ake kwashe ɗaliban noma a kai su gona. Aka sauke mu a bakin wata ƙaramar hanyar ruwa, aka miƙa wa kowa lanƙwasasshen bututun roba, aka ce a tsallako da ruwa cikin gona. Abu ne mai sauƙi a ido: ka nutsa bututun ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka ɗan girgiza, ka haye da shi kan gaɓa ka saki, ruwa ya bi da kansa. Mun rubuta ƙa'idarsa a jarrabawa, har na ci maki mai kyau. Na nutsa, na toshe, na saki: iska. Na sake: iska. Na uku na sa baki na zuƙa, na haɗiyi abin da har yau ba na son sanin sunansa. Wata 'yar birni ta zame, takalminta ɗaya ya bi ruwa ya nufi Bunkure. Shi kuwa Ɗan Kura ya naɗe ƙafar wando, ya bi layi yana ɗauka yana ajiyewa, faf, faf, faf, kafin mu ɗago, bututu goma na feshi. Wani tsoho mai gona a gefe ya jingina da fartanyarsa yana kallon mu, sa'annan ya ce da shi, "Yaro, waɗannan baƙin naka, ajin baya suke, ko?"

Ka ce, "Sananne ne, ɗan hakin da ka raina. Mun ji wannan tun a firamare." Yi haƙuri, ban kai inda za ni ba. Da labarin ya tsaya a nan, da ni ma na raina shi. Abin da ya dame ni shi ne, mun dawo makaranta da mako biyu, komai ya koma gidan jiya. Ba wanda ya ba shi maki a kan bututu. Jarrabawa ba ta tambayi yadda ake gane gonar da gishiri ya fara ci daga launin ƙasarta ba, abin da shi yake gani daga kan babur. Mun girmama shi na yini guda, kamar yadda ake girmama mai gyaran taya ranar da aka yi faci a daji.

Yanzu zo mu hau sama, can Tiga. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a lokacin tana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Daga can ruwa ke gangarowa da ƙafarsa, ba inji ba fanfo, ya biyo babbar hanya, ya rabu reshe-reshe, ya shiga ƙanana, har ya isa fangalin mutumin Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke riƙe da makullin. Kowane manomi a nan, ko bai taɓa shiga aji ba, ya san abu ɗaya da masu shirya taron ƙara wa juna sani ba su sani ba: buɗe ƙofa a Tiga daban, ruwa ya isa gonar ƙarshe daban. Na bakin ruwa yakan sha har shinkafarsa ta yi kumallo. Na wutsiya yakan kwana da tocila yana jiran abin da aka rage. In kana son sanin lafiyar aikin, ba a tambayar na gaba. Wutsiya ake zuwa.

Ka ce, "Ai jami'a ta buɗe ƙofa ga kowa, har da kaso." Gaskiyarka. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na 'yan yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Kafin ka ɗaga hanci, Kano na cikin jerin na ƙarshen nan, da duk tinƙahonmu. To wannan ita ce ƙofar Tiga, an buɗe, an yi tafi, an ɗauki hoto. Biyo ni mu bi ruwan. Ga yaron da ya fito daga sakandaren gwamnati ta ƙauye, bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawar shiga, an ce ya yi rajistar kwas ta intanet kafin Juma'a. Ga makaho mai rikoda a hannu, malami na nuna allo yana cewa "kamar yadda kuke gani a nan". Ga mai keken guragu, an sa laccarsa a hawa na biyu, abokai huɗu na ɗaga shi kamar buhun shanshera, yana murmushin dole. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Ƙirga da yatsunka, sa'annan ka je ka ƙirga matakala. Ga matar aure da goyo, an sa gwaji ƙarfe bakwai na safe an rufe ƙofa bakwai da minti ɗaya. Ga yarinyar da ta zo daga Kudu, ana taron rukuni a juye harshe zuwa Hausa, a yanke shawara, a ce mata "mun gama, ki kawo kuɗin buga takarda". Duk waɗannan suna cikin rajista. A takarda kowa ya sha ruwa.

Na ji ka, na ji ka, daina buga tebur. Ka ce, "Mu za a koya wa girmamawa? Mu da muke cire takalmi tun daga zaure, mu da ɗan fari ma ba a kama sunansa?" Allah ya huci zuciyarka. Ba wanda ya kai mu iya gaisuwa, na sa hannu. Sai dai girmamawarmu ruwa ce mai abin al'ajabi, wadda injiniyoyin Tiga ba su taɓa ganin irinta ba: tudu kawai take hawa. Ɗalibi ya durƙusa wa lakcara, lakcara ya rusuna wa shugaban sashe, shugaban sashe ya karɓi jakar shugaban jami'a tun daga mota. Juyo da kai ƙasa fa? Matar da ke share ofishinka shekara takwas, mene ne sunanta? "Baba mai shara" ba suna ba ne. Mai gadin da kake danna wa hon tun daga kwana, ka taɓa yi masa sannu da sanyi? Ɗalibar da ta zo sa hannu sau biyar kana cewa "dawo gobe" ba ka ɗago kai ba, kuɗin motar wa take kashewa? A gona kunya ita ce tudun da ake tayarwa don shuka ta tsaya a kai. A wasu ofisoshin ko ta gona ko ta ido, babu.

Ke kuma Hajiya, na ga kina gyaɗa kai kina jin daɗi ana sassaƙar maza. Matso. Wa ya laƙaba wa 'yar ƙauyen ɗakinku suna saboda atamfarta ɗaya ce? Wa ya buɗe zauren WhatsApp na 'yan ɗaki ya manta da mutum guda, mantuwar da ta yi zango biyu? Na ga kin gyara mayafi. Mu ci gaba.

Ka ce, "Haba, wasa ne kawai. Kai ma ga shi tun ɗazu kake tsokanar mu." Yawwa, ka zo inda nake so. Mu ne masu wasa. Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, jika da kaka, taubashi da taubashi. Na tsokani Zagezagi a sama, kuma na san kafin mako ya zagayo wani Bazazzagi daga Tudun Wada zai aiko mini da amsar da za ta hana ni barci. Nan gishirin yake: akwai ramuwa. Wanda ka zolaya yana da bakin da zai rama, kuma gobe ku ci tuwo a kwano ɗaya. To, malamin da ya kwaikwayi lafazin ɗalibi gaban mutum ɗari biyu, ɗalibin zai rama? Da wane bakin, alhali makinsa na aljihun mutumin? Ni da nake kwaikwayon Ɗan Kura, mu goma ne a ɗaki, shi kaɗai. Kokawar da aka ɗaure wa ɗaya hannu, ko a dandalin yara ba a kiɗa mata ganga.

Sai kuma babban makaminka, na san ka ɓoye shi a bayan riga. Ka ce, "Wannan damawa da kowa, kayan Turawa ne, a hankali za a dama mana tarbiyya." Bismilla, zauna mu yi tarihi. Tun kafin a haifi kakan wanda ya gina Tiga, Kura ta yi suna da marina. Turkuɗin da ake rinawa a buga a nan har sai ya yi ƙyalli, shi Buzaye ke naɗawa a cikin Sahara, ana kiran sa ɗan Kura. Marini bai taɓa cewa sai mai jin Hausa zai sayar wa ba. Yau ma je Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir. Dillali Bakano, mai saye Bayarabe ko Ibo, direba daga wata jiha, masu lodi 'yan ci-rani daga Katsina da Jigawa har da Nijar, kwanduna kuma sun nufi kasuwar Mile 12 a Legas. Ba wanda ya halarci bita. Tumatir ne shugaban taro, shi kuwa ba ya jiran a gama gardamar asali, kwana biyu ya ruɓe. Abin da kasuwa ta iya saboda ciki, a ce gidan ilimi sai an kawo masa daga Amurka?

Ka ce, "To shi ke nan, Kura aljanna ce, mu kwashe jami'o'i mu mayar bakin ruwa." Kai, kada ka sa a kore ni daga garin mutane da yabon da bai dace ba. A can ma ana tafka ta. Akwai mai tashi tsakar dare ya toshe hanyar maƙwabci da buhun ƙasa. Akwai mai fasa gaɓa ya ja ruwa inda ba a tsara ba. Kacala ta cika hanya, kowa na jiran wani ya fara yanka. Makiyayi na son shanunsa su sha, manomi na ganin kofato a kan albasarsa, sanda na neman fita. Matan da ke tsaye kan tukunyar gumi daga asuba, suna turara shinkafar da ake alfahari da ita a Kano, gumi biyu suke haɗawa, na shinkafa da na goshi, amma leƙa taron ƙungiyar masu amfani da ruwa ka ƙirga mini ɗankwali. Abin da ya raba can da jami'a shi ne, a can ɓarna ba ta ɓuya. Ka hana mutum ruwa mako guda, ganyensa ya lanƙwashe, duk mai wucewa ya gani, maganar ta je gaban shugabannin ƙungiya ko mai unguwa. Ɗalibi kuwa a shiru yake bushewa. Yana zuwa aji, yana zama a baya, yana rubutu. Sai ranar da aka liƙa sakamako a ce, "Ai dama ba shi da ƙoƙari."

Ka ce, "Wato a raba maki kyauta, kowa ya fita da babban digiri, a zauna lafiya." Wa ya ce? Hanyar ruwa ba ta taɓa raba wa kowa kwandon tumatir ba. Ruwa take kaiwa. Mai barci har hantsi zai ga sakamakonsa, mai dashe a kan kari zai ga nasa. Amma ba a ce wa wanda ruwa bai isa gonarsa ba rago. Kuma abin ba gagara ya yi ba. Shirin Sasakawa ya buɗe wa malaman gona da suka daɗe a bakin aiki hanyar yin digiri a Zariya da Bayero, mutum da furfurarsa ya zauna a aji, aikin bincikensa kuma ya koma ya yi shi tare da manoman da ya saba da su. Jami'a ba ta rushe ba. A 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta share gonakin tumatir, har masana'antar Ɗangote ta Kadawa ta tsaya don ba abin niƙawa, ba ta duba takardar kowa ba. Mai digiri ya san sunanta na Latin, mai gona ya san daren da ta fara da kuma kusurwar da ta shigo. Dole aka zauna a tabarma ɗaya. Ni tambayata, sai tsutsa ta zo?

Ka yi shiru, na san ba yarda ka yi ba, kana neman wata ƙofar ne. Ka ce, "Shi Ɗan Kuran naka fa, ina ya ƙare?" Yana nan lafiya lau, ya gama da ƙaramin sakamako, yana noman sipi da alkama, yana da injin casa. Duk shekara nakan je sayen buhu biyu, yakan sa a shimfiɗa mini tabarma, a kawo fura. Na taɓa buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce in bari. Sai dai har yau bai taɓa kiran sunana ba. Yaransa ma da sun hango motata sai su ruga cikin gida suna ihu, "Baba, ga Sha-Kwata ya zo!" Ragin ko sisi kuma ba ya yi mini.

Asabar mai zuwa zan koma, akwai wuri a mota. Bututu ɗaya kawai za a ba ka, gaban tsohon nan da fartanyarsa. Ka ce takalminka na ofis ne, ba ya son laka? Ba komai, taho da shi. Mutanen Bunkure na riƙe da wari guda tun zamaninmu, suna neman ɗan'uwansa.